Wa Ya Tona Ni, Aminiyata Ko Takardar Da Na Aika?

Assalamu alaikum Anti. Ina gaida ki da aiki, Allah shi ƙara basira.

Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa nan Sakkwato. Shugaban sashenmu ya daɗe shina damuna da maganar banza: saƙo cikin dare, kira ba dalili, in na shiga ofis nai ya ce in turo ƙofa. Da na nuna mai ni ba 'yar wannan hanya ba ce, sai ya riƙe min takardar hutu, ya hana sunana shiga jerin ƙarin girma. Da abin ya ishe ni, na zauna na rubuta ƙorafi a Word, a kwamfutar da ofis ya ba ni. Ban sa suna ba. Na buɗe sabon imel na aika wa babban ofishinmu a Abuja. Ba a yi sati ba ya kira ni ya ce, "Na san ke kika rubuta, kuma za ki gani."

Anti, duk duniya mutum guda ta san da wagga magana, aminiyata da muka tashi tare tun Islamiyya, kuma ofis guda muke. Tun ranar na daina yi mata magana. A bikin da muka haɗu makon jiya ko kallo ba ta ishe ni ba. Ta zo gidanmu tana kuka tana rantsuwa, na ce a ce mata ba ni nan. Zuciyata ta kasa yarda da ita, kuma ta kasa sakinta.

Ina da hotunan saƙonnin da ya aiko min, da hoton takardar hutun da ya ƙi sa wa hannu. Yayana ya ce in sayi sabon layi in tura su ta WhatsApp. Mi ya kamata in yi? Ita ta tona ni? Kuma ta yaya zan aika sauran ba tare da an gane ni ba?

Wata baiwar Allah daga Mabera

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Abin da mutumin nan yake yi miki zalunci ne, kuma ba ki yi laifi ba da kika kai ƙara. Ina so wannan ya zauna a ranki tun farko, domin na ga alamar tsoro ya fara raya miki cewa da kin sani da kin yi shiru. Kin yi daidai. Hanyar da kika bi ce take da ɓaraka.

A kan aminiyarki kuwa, ki dakata. Ban ce ba ta faɗa ba, tun da ban shiga zuciyarta ba. Amma daga yadda kika zayyana min abin da kika yi, akwai wanda na fi zargi a kanta, kuma ba mutum ba ne. Fayil ɗin da kika liƙa a imel ne.

Duk wanda ya taɓa shiga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ko ya ga kundayen da ke gidajen malamai a cikin gari, ya san tsohuwar takarda tana faɗin abin da ya wuce rubutun da ke kanta. Mai kwafar littafi yakan rufe da sunansa da ranar da ya gama. Ko bai sa suna ba, in aka ɗaga takardar aka yi mata haske ta baya, sau da yawa sai a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, shaidar cewa a Italiya aka yi ta, ta ratso Sahara kafin ta iso nan. Ba marubucin ne ya sa alamar ba, wataƙila ma bai taɓa lura da ita ba, amma tana nan. Haka takardar kwamfuta take, sai dai ita ta fi surutu nesa ba kusa ba.

Ranar da aka girka Word a kwamfutar da ofis ya ba ki, an tambayi sunan mai aiki da ita. Galibi ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin kamfani shi ke cikewa, kuma sunan wanda za a miƙa wa ita yake sawa, ko ya haɗa ta da imel ɗin aikinsa. Daga ranar, duk takardar da kika fara, Word yana ɗaura mata wannan suna a matsayin wadda ta rubuta. Yana kuma ajiye sunan wanda ya yi gyara na ƙarshe, da rana da sa'ar da aka fara ta, da lokacin da aka adana ta na ƙarshe, da yawan mintunan da aka ɗauka ana rubutun, wani lokaci har da sunan kamfani. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke fitowa a shafin da kike karantawa. A cikin fayil ɗin suke, suna bin sa duk inda ya je. Sabon imel ɗin da kika buɗe bai taɓa su ba, domin imel yana kai fayil yadda aka ba shi, ba ya rage komai.

Saboda haka kafin ki ƙara yanke wa kowa hukunci, ki yi wannan gwaji. Ba a kwamfutar ofis ba. Ki samu ta gida ko ta yayanki, ki shiga wancan sabon imel, ki je wurin saƙonnin da kika aika, ki sauke ainihin fayil ɗin da kika tura. Kada ki buɗe shi ki sake adanawa, hakan zai canza bayanan. Ki ɗora linzamin kwamfuta (mouse) a kansa, ki danna maɓallin dama, ki zaɓi Properties, sannan Details. Ki gangara ki karanta abin da ke gaban Authors da kuma Last saved by. In kika ga sunanki a wurin, ko guntun sunan da kike shiga kwamfutar ofis da shi, to ga mai tonon nan a gabanki. Duk wanda takardar ta faɗa hannunsa zai iya yin wannan dubawa cikin ƙasa da minti ɗaya, ba sai gwani ba.

Kada ki ɗauka rashin wayonki ne. A farkon 2003, ana gab da yaƙin Iraƙi, ofishin Firaministan Birtaniya Tony Blair ya fitar da wani rahoto a kan ƙasar, suka sa shi a intanet a matsayin fayil na Word. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Richard Smith, ya leƙa cikin fayil ɗin ya zaro tarihin gyare-gyarensa, har da sunayen ma'aikata huɗu da takardar ta bi ta hannunsu. Gwamnati sukutum mai hukumomin leƙen asiri ta manta da wannan ƙofa, balle ke da kika rubuta cikin ɓacin rai da fargaba.

Za ki ce to ta yaya takardar ta isa gare shi, alhali Abuja kika aika? A ma'aikatu da yawa, in ƙorafi ya zo a kan mutum, tura masa ake yi a ce ya kare kansa, kuma abin da ya fi sauƙi ga wanda ke can shi ne ya tura saƙon yadda ya zo, da fayil ɗin a maƙale. Ko kuma yana da ɗan hannu a babban ofishin. Ko wanne ne, sakaci ne da bai kamata ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin kiyaye bayanan mutanen da ke hannunsu, kuma ko ba doka, hankali ma ya isa ya hana a miƙa mai ƙara a hannun wanda ta kai ƙara.

A ce ma kin duba ba ki ga sunanki ba. Wannan bai tabbatar da laifin aminiyarki ba. Kwamfutar ofis ba taki ba ce. Tana ajiye jerin takardun da aka buɗe kwanan nan, mai kula da ita yana iya shiga, kuma in kin tashi salla kin bar ta a buɗe, kowa na iya leƙawa. Mutane da yawa kuma sukan buɗe sabon imel da baƙon adireshi, amma a gurbin suna su rubuta nasu na gaskiya, sai ya fito ɓaro-ɓaro a gaban mai karɓa. Sannan ga abin da ya fi duk waɗannan sauƙi: mata nawa ne a sashenku? Cikinsu wa aka riƙe wa takardar hutu? Mutumin ya san wadda yake cuta. Ko da takardar ta fita tas babu ɓurɓushin komai, karanta ta kaɗai ya isa ya gane. Yana yiwuwa ma cinke ya yi, ya jefa miki maganar yana kallon fuskarki, fuskar ta ba shi amsa.

Kin ga hanyoyi ke nan da dama, kuma babu ɗaya da ta bi ta kan yarinyar da ta zo ƙofar gidanku tana kuka. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, mu nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne, kuma a aya ta 6 Ya umarce mu da bincike don kada mu cuci mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Wannan ayar kamar don halinki aka saukar da ita. In gwajin ya nuna sunanki, ki ɗauki mayafinki ki tafi gidansu da ƙafarki. Kada ki tura saƙo, kada ki aika wani. Ki nuna mata abin da kika gani, ki nemi gafararta ba tare da kwana-kwana ba. In bai nuna ba, duk da haka ki zauna da ita, ki tambaye ta cikin natsuwa ko ta faɗa wa wani, mijinta ko innarta, domin wani lokaci damuwa da halin da kike ciki kan sa mutum ya nemi shawara inda bai dace ba, kuma wannan daban yake da cin amana. Abin ya taɓa min rai ƙwarai, domin a daidai lokacin da kika fi bukatar mutum a ofishin nan, sai kika yanke mutum guda da kike da ita. Wanda ya fi kowa cin ribar wannan gaba shi ne shi azzalumin.

Yanzu ga yadda ake tsabtace takarda, don gaba, don ke da duk mai karanta wannan.

In magana ce zalla za a aika, mafi aminci shi ne kada a liƙa fayil sam. A rubuta a cikin jikin imel ɗin kai tsaye, daga waya ko kwamfutar da ba ta ofis ba, ba kuma da intanet ɗin ofis ba. Fayil ɗin da babu shi ba ya tona kowa. In kuwa dole sai an tura Word, a fara yin kwafi a ajiye na asali. A buɗe kwafin, a danna File, sannan Info, sannan Check for Issues, sannan Inspect Document. Wannan abin bincike yana cikin Word tun fitowar 2007. Zai lissafo abin da ya tarar: sunaye, sharhin da aka yi a gefe, gyare-gyaren da aka bi sawunsu, rubutun da aka ɓoye. A danna Remove All a gaban kowanne, a adana, a rufe, sannan a koma a sake duba Properties kamar yadda na faɗa a sama. Kada a yarda an goge sai ido ya gani. A kuma duba sunan fayil ɗin kansa, domin na sha ganin takardar da aka wanke cikinta tas amma an bar mata suna mai ɗauke da sunan mai ita. Wanda yake aiki da WPS Office a waya kada ya ɗauka ya tsira, ita ma tana ajiye irin waɗannan bayanai. Google Docs kuwa, in ka tura wa mutum hanyar shiga takardar, yana iya ganin sunan mai ita da imel ɗinsa.

Akwai wani tarko a Word da ya shafe ki kai tsaye. In kika sa hoto a cikin takarda kika datse gefensa a nan cikin Word don ki cire sunanki ko lambarki, gefen da kika datse bai tafi ba. Ɓoye shi kawai aka yi, mai karɓa zai iya janyo shi ya dawo. Datse hoto ana yin sa ne tun kafin a shigar da shi. Ku 'yan sashen kuɗi kuma ku kula da Excel, yana ɗaukar shafuka da layukan da aka ɓoye ya tafi da su.

Mutanenmu suna da imani da PDF, suna ganin in takarda ta koma PDF an rufe ta ruf. Ba haka ba ne. In ka mai da Word zuwa PDF ba tare da ka tsabtace shi ba, sunan marubuci yakan bi shi, tare da sunan manhajar da aka yi aikin da ita da lokacin da aka yi. Tsabtacewa kafin juyawa ake yi. Mafi muni shi ne masu zana baƙin akwati a kan kalma su ce sun rufe ta. Kalmar tana nan a ƙarƙashi. A Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun shigar da takarda a kotu a Amurka da wasu sassa a rufe da baƙi. 'Yan jarida suka kwafe wurin suka manna a wani shafi, duk abin da aka ɓoye ya fito. Kalmar da ba a so a gani, goge ta ake yi daga asalin rubutun. Haka nan a hoton waya: alƙalamin shafa launi da ake ja a kan suna sau da yawa shara-shara ne, in aka ƙara wa hoton haske sai rubutun ya bayyana. A rufe da launi mai kauri wanda ba ya nuna komai, ko a datse wurin gaba ɗaya.

Sai hoto, wanda shi ya fi ba ni tsoro a kanki. Tun 1995 kamfanonin kyamara na Japan suka fito da tsarin da ake kira Exif, wanda ke sa kowane hoto ya ɗauki bayanin na'urar da ta ɗauke shi. Wayoyin yau sun gaje shi. Hoton da kika ɗauka yana ɗauke da samfurin wayarki, da rana da sa'a har da daƙiƙa, kuma in kin bai wa kyamara izinin sanin wuri, yana ɗauke da lambobin da in aka sa su a taswira za su nuna inda kika tsaya, da kuskuren 'yan mitoci kaɗan. In a ɗakinki kika ɗauki hoton takardar hutun nan, to hoton ya san gidanku a Mabera. A Disambar 2012 John McAfee, wanda ya kafa kamfanin kariyar kwamfuta mai sunansa, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize. 'Yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka sa hotonsa a intanet ba su goge bayanan ba, hoton ya nuna yana Gwatamala, kwana biyu bayan haka aka kama shi. Ina kawo wannan ne don matan da suka bar gidan miji mai duka suka sauya unguwa, da masu sayar da atamfa da turaren wuta da ke ɗaukar hoton kaya a tsakar gida suna tura wa baƙin mutane. Su ma wannan magana tasu ce.

Maganin farko shi ne a shiga saitin kyamara a kashe sanya wuri a hoto, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung. A nan ne kuma ake kashe tambarin nan da wasu wayoyi ke bugawa a ƙasan hoto da sunan samfurinsu. Wannan na hotunan gaba ne, bai taɓa tsofaffi ba. Ga tsofaffi, mai iPhone in ya zo turawa zai ga Options a sama, ya shiga ya kashe Location. Mai Android yana iya sauke ƙaramar manhaja irin Scrambled Exif ya bi da hoton ta cikinta kafin ya tura. A kwamfuta, a ƙasan wancan shafin Details akwai Remove Properties and Personal Information, yana fitar da kwafi marar yawancin bayanan. In yayanki ya iya kwamfuta sosai, manhajar ExifTool, wadda wani mai suna Phil Harvey ya fitar tun 2003, ta fi su duka nuna abin da ke cikin fayil.

A lura da WhatsApp. In ka tura hoto a matsayin hoto, yana matse shi ya zubar da bayanan wuri. In ka tura shi a matsayin fayil, kamar yadda mutane ke yi don kada ya dusashe, yana tafiya da komai nasa. Telegram ma haka. Facebook da Instagram suna cire bayanan daga abin da jama'a za su sauke, amma su kamfanonin sun riga sun karɓa.

Shawarar yayanki ta sabon layi, da kyakkyawar niyya ya ba da ita, amma ba ta ɓoye mutum kamar da. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wato da sunanki layin zai fita. Kuma da zarar wasu sun adana lambar da sunanki a wayoyinsu, manhajar Truecaller mai nuna sunan mai lamba na iya nuna shi ga duk wanda ya bincika. Kada kuma ki yi amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, za ki jefa bawan Allah cikin abin da bai ji ba bai gani ba.

Wani zai ce to a buga a takarda a kai da hannu. Wannan ya fi, amma shi ma da sharaɗi. Yawancin manyan firintoci masu launi suna yayyafa ƙananan ɗige-ɗige rawaya a kan kowane shafi, waɗanda ido ba ya kamawa, suna ɗauke da lambar na'urar, wasu har da lokacin bugawa. A 2017 wata matashiya mai aikin kwangila da hukumar leƙen asirin Amurka, Reality Winner, ta buga wata takardar sirri ta aika wa jaridar The Intercept. Hukumomi sun duba rajistar firinta suka ga mutum shida ne suka buga takardar, masana kuma suka karanta ɗige-ɗigen daga hoton da aka wallafa suka ga ranar 9 ga Mayu aka buga ta. An yanke mata shekara biyar da wata uku. Darasin da ke nan gare ki shi ne kada ki kusanci firintar ofis. Shagunan buga takardu na bakin makarantu da sakatariya kuma, matsalarsu ta mutane ce: ka tura wa yaron shago fayil ta WhatsApp, ya buga maka, kwafin ya zauna a wayarsa da kwamfutarsa har illa masha Allahu. Sakkwato kuwa kowa ɗan uwan kowa ne. In ya zama dole, ki je da filas, wato ɗan ma'ajiyar fayil da ake soka wa kwamfuta, ki tsaya a kansa, baƙi da fari, ki ga an goge kafin ki fita.

Shafukan intanet da ke cewa ka ɗora fayil su wanke maka kyauta, ki yi nesa da su a irin wannan lamari. Miƙa sirrinki ne ga wanda ba ki sani ba.

Duk wannan na faɗa miki ne don ki sani. Amma ga gaskiyar da nake ganin ta fi muhimmanci a halin da kike ciki, kuma ina roƙon ki karanta ta da kyau. Hotunan saƙonnin nan, ko kin wanke su sau goma, ba za su ɓoye ki ba. Ke ya aiko wa saƙonnin. Duk wanda ya nuna su, daga wayarki suka fito, kuma shi ya sani. Lokacin ɓuya ya wuce tun ranar da ya ce miki za ki gani. Yanzu ɓoye sunanki shi yake amfana, domin zai iya muzguna miki ko ya ƙirƙiro dalilin kora, kuma babu takarda a ko'ina da ke nuna cewa ramuwa ce a kan ƙarar da kika kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A nan kuma ɓoyayyun bayanan da suka tona ki za su koma mayaƙanki. Ranar da sa'ar da ke cikin hoton takardar hutun, da lokutan da ke kan saƙonninsa na tsakar dare, su ne za su tabbatar da cewa ba ƙage kika yi ba. Don haka kada ki tsabtace na asali ko ɗaya. Kada ki goge hirar, kada ki sayar da wayar ko ki canza ta, kada ki bayar a yi mata filashin. In a WhatsApp kuke hirar, ki duba ko ya kunna saƙonni masu ɓacewa a hirarku, in ya kunna ki kashe. Ki shiga hirar ki yi Export chat, ki ajiye kwafi a filas da kuma wani imel naki na kanki, ba na ofis ba. Ki samu littafi ki riƙa rubuta duk abin da ya faru da ranarsa, har da maganar da ya yi miki ta barazana da wanda ke kusa lokacin. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga kwamfuta ko waya, amma sai an yi bayanin na'urar da ta fito daga cikinta da yadda aka fitar da ita. Wanda ya zo da wayar asali da fayil ɗin da ba a taɓa ba ya fi ƙarfi a nan fiye da mai ɗauke da hoton da aka datse aka wanke. Tsabtataccen kwafi na wanda ba ki amince da shi ba ne. Na asali na lauya ne da kotu.

Kafin ki sake aika komai Abuja, ki ga lauya. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana taimaka wa mata a irin wannan, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a suna da ofisoshi a jihohi, ba a biyan kuɗi don kai musu ƙara. Tsarin mulki, a sashe na 254C, ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki, kuma Jihar Sakkwato tana da dokarta ta hana cin zarafin mutane tun 2021. Wasiƙa ta biyu in za ta tafi babban ofis, gara ta tafi da sunanki, ta hannun lauya, tana ambaton ƙarar farko da ranarta, da barazanar da ta biyo baya, tana kuma neman a bayyana yadda aka yi ƙorafin sirri ya isa ga wanda ake ƙara. Kamfani yakan yi wa irin wannan wasiƙa kallon da ba ya yi wa marar suna.

Ki sanar da mahaifinki ko wani babba a gida halin da ake ciki, ba yayanki kaɗai ba. Daga yau kuma kada ki shiga ofishin mutumin nan ke kaɗai. In ya kira ki, ki bar ƙofa a buɗe ko ki shiga da wani, in kuma ya ba ki umarnin aiki da baki, ki ce ya rubuto miki ta imel ɗin ofis.